Sanya Jari a Makarantar Zanen Yara ta Hayar Suna: Me Mutum Yake Saya da Kuɗinsa?

Tayin yana da daɗin ji. Wani kamfani ya riga ya kafu, yana da suna, yana da manhajar koyar da yara zane da fenti da ƙera abubuwa da yumɓu, yana da tambari da salon talla. Kai kuma kana da ɗan jari da sha'awar yin sana'ar da za ta amfani yara. Sai ku ƙulla yarjejeniya: ka biya kuɗin shiga, a ba ka izinin amfani da sunan da manhajar a wani yanki na tsawon wasu shekaru, galibi 5 zuwa 10, kai kuma duk wata ka riƙa tura wa uwar kamfani wani kaso na cinikinka. Wannan shi ne hayar suna, tsarin da McDonald's da KFC suka bi suka cika duniya, kuma ya daɗe da shiga harkar ilmin yara. Kumon, wanda Toru Kumon ya faro a Japan cikin shekarun 1950 yana rubuta wa ɗansa darussan lissafi, ta wannan hanya ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama. A fagen zane akwai irin su Young Rembrandts, wanda Bette Fetter ta kafa a jihar Illinois ta Amurka a 1988, da Abrakadoodle da aka kafa a 2002.

Ina ganin sana'a ce mai kyau, kuma ina so ta yi albarka a hannun duk wanda ya shige ta, domin yaron da aka ba takarda da kala aka kuma saurare shi ya sami abin da zai daɗe tare da shi. Saboda haka ne ma ya kamata a faɗi gaskiya game da ita: a wannan harka sunan da kake haya ba shi da ƙarfin da yake da shi a gidan sayar da abinci, alhali kuɗin hayar ba ya raguwa saboda haka.

Matafiyin da ya sauka a garin da bai sani ba, ya hango tambarin gidan abincin da ya saba da shi, zai shiga ba tare da tambayar kowa ba. Sunan ne ya kawo shi. Uwar da za ta ajiye ɗiyarta mai shekara 6 a hannun wani na awa ɗaya da rabi ba haka take yanke shawara ba. Tana tambayar wata uwar da 'ya'yansu ke aji ɗaya. Tana duba nisan wurin da lokacin tashi. Tana leƙa ɗakin ta ga ko da tsabta, ta kalli fuskar malamar, ta ji yadda take amsa wa yaron da ya zubar da ruwan fenti a kan tebur. Bayan mako uku, abin da zai sa ta sake biya shi ne ɗiyar ta ce tana son komawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da uwar kamfani za ta iya aiko maka a cikin kwali. Kai da malamanka za ku gina su, a yankinku, da guminku, kuma daga abin da suka jawo ne za a cire kason da ake turawa.

To me ya rage wanda kamfanin kirki yake bayarwa? Abu mafi daraja shi ne manhaja. Wanda bai taɓa koyarwa ba yana raina wannan. Yaron da ya zauna tare da ku shekara uku yana bukatar darasi sabo duk mako, wanda ya dace da shekarunsa, wanda za a gama cikin lokacin da aka ɗiba, da kayan da ba su fi ƙarfin aljihu ba, kuma wanda sabuwar malama za ta iya koyarwa bayan ta karanta shafi biyu. Haɗa darussa ɗaruruwa irin wannan aikin shekaru ne. Bayan manhaja akwai horar da malamai, da tsarin rajista da karɓar kuɗi ta intanet, da sanin yadda ake zama da shugaban makaranta a shawo kansa ya ba da ɗaki bayan an tashi. Akwai kuma sauran masu rassa, mutanen da suka riga ka faɗa ramukan da ke gabanka, waɗanda za ka iya buga wa waya. Waɗannan abubuwa ne na gaske. Tambayar ita ce ko sun kai farashinsu, kuma ko za su ci gaba da kai wa a shekara ta biyar, lokacin da ka riga ka haddace manhajar ka fi mai horar da kai sanin yankinka.

Lissafin ya fi kowane bayani fito da hoton. Kason uwar kamfani daga jimillar ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. Ga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin fahimta kawai. A ce aji yana ɗaukar yara 12, kowane yana biyan 10 a zama ɗaya. Ladan malama 35, hayar ɗaki 25, kayan aiki 1 ga kowane yaro, kason kamfani da na asusun talla a haɗe kashi 10 cikin 100. Idan aji ya cika, 120 ta shigo. A cire 60 na malama da ɗaki, 12 na kaya, 12 na kamfani, saura 36. Idan yara 8 suka zo, 80 ta shigo. A cire 60, da 8, da 8, saura 4. Yara sun ragu da kashi ɗaya bisa uku, amma abin da ya rage maka ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Idan 7 ne, kai ka yi asarar 4, kamfani kuwa ya karɓi 7 ɗinsa cif. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma ba a ma sa inshora da man mota da albashinka kai kanka ba. Wasu yarjeniyoyin har suna da mafi ƙarancin abin da dole ka tura duk wata ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba.

Ba wai zalunci ne a tsarin ba. Kamfani ma yana da ma'aikatan da yake biya. Amma mai sanya jari ya san cewa bukatunsu ba ɗaya ba ne a kowane lokaci. Kamfani yana ƙaruwa da yawan ciniki da yawan rassa. Kai kana ƙaruwa da abin da ya rage bayan an biya kowa. Rangwamen da zai cika aji da yara a rabin farashi yana iya yi wa kamfani daɗi, kai ya bar ka da gajiya kawai.

Wani abin da ke matse wannan sana'a shi ne agogo. Abokan cinikinka suna makaranta tun safe. Lokacin da suke da sarari shi ne 'yan awoyi bayan an tashi, da ƙarshen mako, da hutu. Wanda ya kama shago yana biyan hayar wata cikakke don ɗakin da ke aiki awoyi kaɗan a rana. Shi ya sa harkar ta rabu gida biyu. Akwai masu buɗe ɗakin zane na dindindin, su riƙa cike gibin da bukukuwan zagayowar ranar haihuwa, da shirin hutu na yini guda, da ajin ƙananan yara da iyayensu da safe, wani lokaci har da ajin manya da dare. Akwai kuma masu yawo, irin tsarin Young Rembrandts da Abrakadoodle, inda mai reshe ke aiki daga gida, malamai su ɗauki kaya su je makarantu da cibiyoyin al'umma su koyar a can. Na biyun jarinsa kaɗan ne, ba haya, ba gyaran gini. Amma rayuwarsa tana hannun wasu: shugaban makaranta ya canja, sabon ya ce yana bukatar ɗakin, ko ya kawo nasa mutumin, sai ka wayi gari ajin da ka shekara biyu kana ginawa ya tafi. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a kusan duk duniya, kowane ɓangare ya ga rauninsa: mai yawo ya rasa wurin koyarwa, mai shago ya ci gaba da biyan hayar ɗakin da ba kowa.

Sannan yara suna girma. Masanin ilmin zane Viktor Lowenfeld, tun a 1947, ya bayyana matakan da zanen yaro ke bi, daga zane-zanen barkatai na ɗan shekara 2 zuwa lokacin da, wajen shekara 9 zuwa 12, yaro ke fara son zanensa ya yi kama da abin da idonsa ke gani. A nan ne da yawa suke kallon aikinsu su ce “ban iya ba”, su ajiye fensir. Ga malami wannan shi ne lokacin da ya fi bukatar ƙwarewa. Ga mai jari kuma yana nufin cewa ko da komai na tafiya daidai, kowace shekara wasu za su fice ta sama, dole a shigo da sabbi ta ƙasa. Lambar da ta fi kowace muhimmanci a wannan kasuwanci ita ce yara nawa cikin waɗanda suka yi rajista a wannan zango suka dawo a na gaba. Samo sabon yaro yana cin kuɗin talla da darasin gwaji na kyauta da lokacinka. Wanda ya dawo da kansa bai ci komai ba. Idan mai tallar hayar suna ya cika ka da yawan yaran da suka taɓa shiga amma ya kauce wa wannan lamba, ka riƙe tambayar har sai ya amsa.

Abin da ke dawo da yaro kuwa malama ce. Aikin na 'yan awoyi ne a mako, ladansa ba yawa, masu yin sa galibi ɗalibai ne ko masu zane da ke neman ƙarin abin shiga, kuma da sun sami cikakken aiki za su tafi. Wanda ya iya zane ba lallai ya iya riƙe yara 12 masu shekara 5 ba, kowane da burushi a jiƙe. Mai reshe zai tarar da cewa rabin aikinsa neman malamai ne da horar da su da maye gurbin wadda ta bugo waya awa ɗaya kafin aji ta ce ba ta da lafiya. A irin wannan rana shi ne zai ɗaura rigar aiki ya shiga. Duk wanda ya ɗauka zai zuba kuɗi ya koma gefe yana jiran riba, wannan ba sana'arsa ba ce, aƙalla a shekarun farko.

Akwai wani wuri da nake ganin ya fi cancantar a tsaya a kai, domin a nan ne neman riba da amfanin yaro suke iya jan igiya. Mai biyan kuɗi daban, mai cin moriya daban. Iyaye suna son ganin shaida, kuma shaidar da ta fi saurin gamsarwa ita ce hoto mai kyau da za a liƙa a bango. Manhajar da aka tsara don ta yi aiki a rassa ɗari tana da saurin karkata zuwa can: malama ta zana da'ira a allo, kowa ya zana, ta ƙara kunnuwa biyu, kowa ya ƙara, a ƙarshen awa yara 12 su fito da mage 12 kusan iri ɗaya. Koyar da zane mataki-mataki ba laifi ba ne. Yaro yana koyon kallo da kyau, da riƙe fensir, da ganin cewa abu mai wuya an gina shi ne daga siffofi masu sauƙi, kuma ga wanda ya kai shekarun “ban iya ba” wannan yana iya zama abin da zai dawo masa da ƙarfin gwiwa. Matsalar tana zuwa ne idan babu wani abu bayan wannan. Ka lura da yarinyar da ta gama magenta da wuri, ta juya takardar ta fara zana wata aba mai ƙafa shida da laima, tana ba ta labari a hankali. Ajin kirki yana da wuri domin wannan takarda ta baya, kuma malamar kirki za ta durƙusa ta tambaye ta sunan dabbar. Tun 1897 Franz Cižek ya buɗe ajin zanen yara a Viyana, babban birnin Ostiriya, bisa ra'ayin cewa zanen yaro yana da darajarsa ta kansa, kuma makarantun ƙananan yara na Reggio Emilia a Italiya, waɗanda Loris Malaguzzi ya jagoranta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun sa ɗakin zane da malaminsa a tsakiyar karatu. Kafin ka sa hannu, ka zauna a aji biyu ko uku na kamfanin daga farko har ƙarshe, ka duba bangon. Idan duk hotunan tagwaye ne, ka san abin da za ka shekara goma kana sayarwa.

Haka batun alkawuran talla. Za ka ga ana cewa zane yana ƙara wa yaro maki a lissafi da karatu. Lois Hetland da Ellen Winner na jami'ar Harvard sun tattara binciken shekaru masu yawa a 2000, suka tarar hujjar cewa darasin zane shi ne ke ɗaga makin wasu darussa ba ta da ƙarfi; yaran da ke zane sukan yi ƙoƙari a makaranta, amma wannan bai nuna zanen ne sanadi ba. Rahoton da OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ta fitar a 2013 ya tsaya kusa da nan. A ɗaya gefen, gwajin da Daniel Bowen da Brian Kisida suka yi a makarantu 42 na birnin Houston a Amurka, da yara sama da 10,000, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa ƙarin ayyukan fasaha ya rage laifuffukan ladabtarwa, ya inganta rubutu, ya kuma ƙara tausayin juna; bai nuna wani tasiri a makin lissafi ba. Wannan ya ishi mai gaskiya abin faɗa. Wanda ya sayar da zane da sunan maganin lissafi, ran da sakamakon jarrabawa ya fito ba canji, iyaye za su cire yaron su kai shi wurin mai koyar da lissafin kansa.

Sai takardu. A Amurka hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta wajabta wa duk mai sayar da hayar suna ya miƙa wa mai saye kundin bayani mai sassa 23 aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya ko sisi. Faransa tana da dokar Doubin ta 1989 mai kwana 20. Sin, a dokarta ta 2007, ta ce sai kamfani ya gudanar da rassa biyu nasa na kansa fiye da shekara ɗaya kafin ya fara ba wasu haya. Ƙasashe da yawa ba su da irin wannan doka ko kaɗan, kuma a can mai saye shi zai nema wa kansa waɗannan bayanai, ya kuma ɗauki ƙin bayarwa a matsayin amsa. A kundin na Amurka sashe na 7 yana kiyasta jarin farko, na 12 yana bayyana yankinka da ko an keɓe maka shi, na 17 sharuɗɗan sabuntawa da sokewa da sayarwa. Sashe na 19 shi ne na abin da rassa ke samu, kuma ba dole ne kamfani ya cike shi ba. Idan ya cike, a duba ko ciniki aka nuna ko riba, ko duk rassa aka lissafa ko waɗanda suka daɗe suka yi ƙarfi kawai, domin rassa uku manya suna iya ɗaga matsakaicin talatin masu fama. Sashe na 20 ya fi kowane faɗin gaskiya: rassa nawa aka buɗe, nawa aka rufe, nawa suka canja hannu cikin shekara uku, tare da sunayen masu rassa na yanzu da na waɗanda suka fita a shekarar da ta wuce. Waɗanda suka fita su ne ya kamata a fara nema. A tambaye su wata nawa suka yi kafin su fara biyan kansu albashi, da abin da kamfani ya yi musu ran da abubuwa suka cuɗe.

Za a kuma gaya maka cewa hayar suna ta fi buɗe naka na kanka tsira nesa ba kusa ba. Binciken da masanin tattalin arziki Timothy Bates ya yi a Amurka cikin shekarun 1990 bai goyi bayan haka ba. A ƙananan kasuwancin da ya bi diddigi, sabbin rassan haya ba su fi masu zaman kansu daɗewa ba. Tsarin shi kaɗai ba garkuwa ba ne. Kamfanin da ka zaɓa da yankin da ka samu su ne magana.

Abu biyu na wannan sana'a suna bukatar kulawa ta musamman. Na farko kuɗin da iyaye ke biya tun farkon zango. Yana shigowa dunƙule, asusu ya yi nauyi, mutum ya ji kamar ya samu. Bashi ne: darussa ne da ba a koyar ba tukuna. Wanda ya kashe shi a gyaran shago zai ƙare zangon yana biyan malamai da kuɗin zango mai zuwa, kuma da rajista ta ɗan ja baya sai ramin ya bayyana. Hukumomin Sin sun hana cibiyoyin karatun bayan makaranta karɓar kuɗin fiye da wata uku a lokaci guda tun 2018, kuma a Yulin 2021, da suka hana neman riba da koyar da darussan makaranta, kamfanoni da yawa suka karkata zuwa zane da kiɗa da wasanni, gasa ta ƙaru a dare ɗaya. Doka tana iya sauya kasuwar ilmi fiye da yadda take sauya ta abinci. Na biyu amanar yara. Bincikar tarihin duk wanda za a ɗauka aiki, irin tantancewar DBS da ake yi a Ingila, da ƙa'idar kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, da sanin wanda aka yarda ya zo ɗaukar kowane yaro, da kayan fenti da gam da aka tabbatar ba su da guba, kamar masu hatimin AP a Amurka ko masu cika ƙa'idar EN 71 a Turai. Ɗan shekara 3 zai sa burushi a baki, wannan tabbas ne. Kuma a tsarin hayar suna, abin kunyar da ya faru a wani reshe mai nisa yana iya taɓa naka, tunda suna ɗaya kuke ɗauke da shi.

Wa ya dace da wannan ciniki? A ganina, mutumin da ya iya hulɗa da jama'a da tafiyar da ma'aikata amma bai san yadda ake tsara darasin zane ba, yana da kuɗin da zai riƙe gidansa shekara guda ba tare da ya taɓa na kasuwancin ba, kuma ya yarda ya bi tsarin wani ko da yana ganin nasa ya fi. Gogaggiyar malamar zane da iyaye suka riga suka sani, wadda ke da darussanta a kai, sau da yawa za ta biya ne don abin da take da shi, ta kuma rasa 'yancin koyar da abin da ta ga ya dace.

Kowanne daga cikinsu, kafin ya sa hannu, ya kai yarjejeniyar wurin lauyan da ya san wannan fanni, su fara karantawa daga shafukan fita. Galibi akwai sharaɗin da zai hana ka buɗe makarantar zane taka a yankin na shekara ɗaya ko biyu bayan kun rabu. Sayar da reshe yana bukatar amincewar kamfani da biyan kuɗin canjin hannu. Sau da yawa ana neman ka tsaya wa bashin kasuwancin da dukiyarka ta kanka. Wasu yarjeniyoyin kuma suna cewa jerin sunayen iyaye da lambobin wayarsu, waɗanda ka tara ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofar aji, mallakar kamfani ne. A nemi a gyara wannan sharaɗi a rubuce tun kuɗin shiga yana hannunka, domin bayan an biya ba kasafai ake sake buɗe maganar ba.